Yadda zamewar kuloci ta koya mini zaɓar baƙin man babur

Babur ɗin da nake hawa na hannu ne, mai inji cc 150 mai bugu huɗu wanda iska ke sanyaya shi, da giya biyar. Na saye shi ba tare da littafinsa na kamfani mai bayanin yadda ake kula da shi ba, wanda ya sayar mini kuma bai faɗa mini komai game da baƙin mai ba, illa dai ya ce bai daɗe da yin juye ba. Ban ga dalilin yin wata tambaya ba a lokacin, domin a tunanina baƙin mai duk ɗaya ne, bambancinsa kawai wani na gaske ne wani kuma jabu, kuma muddin mutum ya kauce wa jabun to ya gama aikinsa.

Da lokacin juye ya yi, sai yayana ya ba ni ragowar man da ya saya wa motarsa, galan mai kyau na kamfani sananne, an rubuta 5W-30 a jikinsa. Na zuba kusan lita ɗaya. A kwanakin farko ban ga wata matsala ba, hasali ma da safe injin yana tashi da wuri fiye da yadda ya saba. Bayan kamar mako biyu ne, ina hawa wani tudu da mutum a bayana, ina giya ta huɗu, na murza totur sai na ji injin ya ɗaga murya sosai amma gudun bai ƙaru ba, kamar an raba injin da tayar baya. Da na sassauta sai ya sake kamawa. Abin ya maimaita kansa sau uku kafin na kai saman tudun, kuma daga ranar duk lokacin da na nemi ƙarfi a babbar giya haka yake yi mini.

Na fara zargin wayar kuloci, domin idan ta yi tsauri ba ta barin farantan su matse sosai. Na sassauta ta har hannun kulocin ya samu ɗan wasan da ya kamata, amma zamewar ba ta daina ba. Sai na kai babur ɗin wurin wani dattijon bakanike da ya daɗe a sana'ar. Bai kwance ko noti ɗaya ba. Ya hau ya zaga, ya dawo ya zaro geji, wato 'yar sandar auna yawan mai, ya murza man tsakanin yatsunsa, sannan ya dube ni ya ce, "Malam, wane mai ka zuba masa?" Da na faɗa masa sai ya ce, "Ai man mota ne ka ba shi, shi ya sa kulocin yake santsi. A juye shi yanzu, a zuba mai kauri, 20W-50, ka huta." Na ce, "Baba, a ba ni kwana biyu tukuna," domin maganarsa ta farko ta shige ni, amma ta biyun ta bar ni da tambaya: idan na yi kuskure sau ɗaya saboda na zuba abin da ban san dalilinsa ba, ban ga hikimar sake zuba wani abin da shi ma ban san dalilinsa ba.

Abin da na fara fahimta, wanda kuma shi ne tushen komai, shi ne cewa a yawancin babura masu giya baƙin mai guda ɗaya yana yin aiki uku. A mota, man inji daban yake, man akwatin giya daban, kulocin mota mai giyar hannu kuma a bushe yake, mai ba ya taɓa shi. A babur irin nawa kuwa, man da ke shafe fistin da kiranshaf da bawul shi ne dai yake ratsa haƙoran giya, kuma a cikinsa ne farantan kuloci suke a jiƙe. Waɗannan ayyuka ba sa neman abu ɗaya. Fistin da silinda suna son santsi gwargwadon iko, haƙoran giya suna son man da zai jure matsi da yanka ba tare da ya tsinke ba, farantan kuloci kuma suna son man da zai sanyaya su amma ya bar su su kama juna idan an saki hannu. Ga shi kuma injin ƙaramin babur yana juyawa har sau 8,000 ko fiye a minti ɗaya, iska kaɗai ke ɗauke masa zafi, man da ke cikinsa gaba ɗaya bai wuce lita guda ba, alhali mota tana ɗaukar lita huɗu ko biyar. Wato ɗan man nan yana shan wahalar da man mota bai san ta ba.

Man motar zamani an haɗa shi ne da nufin rage shan fetur, saboda haka ana zuba masa sinadaran da ke ƙara santsi, waɗanda wasunsu na ƙarfen molibdenum ne. A cikin injin mota wannan alheri ne, amma idan sinadaran suka lulluɓe farantan kuloci sai su hana su riƙe juna a lokacin da nauyi ya yi yawa, wanda shi ne ainihin abin da ya same ni a kan tudu. Da na koma na duba galan ɗin yayana, sai na ga a bayansa akwai wani zagayayyen tambari na API, wato cibiyar harkar man fetur ta Amurka, a ƙasan zagayen kuma an rubuta "Resource Conserving". A tsofaffin galan "Energy Conserving" ake rubutawa. Ko wanne daga cikin biyun mutum ya gani, ma'anarsa ita ce an yi man ne domin tsimin fetur a mota, kuma bai kamata ya shiga babur mai jiƙaƙƙen kuloci ba. Man ba jabu ba ne, ba kuma mara inganci ba ne. An dai yi shi ne domin wani injin daban.

Wannan matsala ba sabuwa ba ce, kuma saboda ita ne hukumar JASO, mai tsara ma'aunan ababen hawa a Japan, ƙasar Honda da Yamaha da Suzuki da Kawasaki, ta fito da ma'auni na musamman ga man babura masu bugu huɗu a shekarar 1998, mai suna T 903. Ma'aunin ya raba mai gida biyu ta hanyar gwada yadda farantan kuloci ke kamawa a cikinsa. MA shi ne man da ke barin kuloci ya riƙe, MB kuma mai ƙarin santsi ne, wanda ya dace da sikuta mai canza giya da kanta ta hanyar bel, inda man inji ba ya haɗuwa da kuloci ko kaɗan. A shekarar 2006 aka sake raba MA zuwa MA1 da MA2, inda MA2 ya fi riƙo. A ganina, a cikin duk rubutun da ke jikin roba, waɗannan haruffa su ne na farko da mai babur ya kamata ya nema, kuma su ne mutane suka fi tsallakewa, domin ƙanana ne kuma galibi a baya ake buga su, yayin da sunan kamfani da hoton babur mai gudu suka cika gaba.

Daga nan na nemi littafin babur ɗin. Na kwafi lambar samfurin daga jikin firam, na bincika a intanet, na samu kwafin littafin da kamfanin ya fitar. Shafin baƙin mai bai fi rabin shafi ba, amma ya amsa kusan duk tambayoyina. Ya ce a yi amfani da 10W-40, mai matsayin API SG ko sama da haka, mai JASO MA, ya kuma yi gargaɗi a fili cewa kada a zuba mai ɗauke da tambarin tsimin fetur. A ƙasa akwai ɗan jadawali da ke nuna wasu matakan kauri da za a iya amfani da su gwargwadon zafin wurin da ake hawa, kuma 20W-50 yana ciki, a ɓangaren zafi mai yawa. Ke nan dattijon bai faɗi abin da ya saɓa wa littafi ba, amma ba shi ne zaɓin farko na waɗanda suka ƙera injin ba.

A nan ne na fi daɗewa, domin ina son in san me lambobi biyun da ke cikin rubutu irin 10W-40 suke nufi. Ƙungiyar injiniyoyin motoci ta SAE ce ta tsara su, a ma'auninta mai suna J300. Lambar farko, mai harafin W, tana magana ne a kan halin man a cikin sanyi, W ɗin kuma harafin farko ne na kalmar hunturu a Turanci, ba wai nauyi yake nufi ba kamar yadda na daɗe ina zato. Man da aka rubuta wa 10W an gwada cewa inji zai iya juyawa da shi a sanyin digiri 25 ƙasa da sifili a ma'aunin Selsiyus, mai 15W a digiri 20 ƙasa da sifili, mai 20W kuma a digiri 15 ƙasa da sifili. Lamba ta biyu ita ce kaurin man idan ya yi zafi, ana auna ta a digiri 100. A ma'aunin kauri da ake kira santistok, mai lamba 30 kaurinsa yana tsakanin 9.3 da 12.5, mai 40 tsakanin 12.5 da 16.3, mai 50 kuma tsakanin 16.3 da 21.9. Saboda haka 10W-40 da 15W-40 kusan kauri ɗaya suke da shi idan inji ya ɗauki zafi, bambancinsu yana fitowa ne da safe, lokacin da man ya kwana a ƙasan inji kuma ana buƙatar famfo ya tura shi sama zuwa kan bawul cikin 'yan daƙiƙu.

Yadda mai ɗaya yake iya zama mara kauri a sanyi amma ya riƙe jikinsa a zafi shi ma abin sani ne, domin yana da nasaba da lokacin juye. Ana zuba wa man wasu sinadarai masu dogayen zaruruwa da ke rage saurin tsinkewarsa idan ya yi zafi. Haƙoran giya kuwa suna daddatsa waɗannan zaruruwa a hankali, ta yadda man da ya shiga a matsayin 40 zai iya komawa kusa da 30 bayan tafiyar dubban kilomita. Wannan ne ya sa mai babur yake jin giya ta fara tauri da ƙara idan man ya tsufa, ko da bai ragu a geji ba, kuma shi ya sa babur yake neman juye da wuri fiye da mota.

Maganar cewa mai kauri ya fi kare inji ta yaɗu ƙwarai, kuma na fahimci abin da ya sa ake yarda da ita, domin yana rage ƙarar tsohon inji, yana kuma rage hayaƙi idan ringi sun ci. Amma rage ƙara ba gyara ba ne. An ƙera tazarar da ke tsakanin sassan inji da faɗin hanyoyin mai da ƙarfin famfo ne da wani kauri a zuciya, kuma idan man ya fi haka kauri sai ya yi jinkirin isa saman inji lokacin tayarwa, wanda a lokacin ne ƙarfe ya fi gogar ƙarfe, sannan ya ƙara wa injin nauyin juyawa, ya ci fetur, kuma ba ya zagayawa da saurin da zai kwashe zafi yadda ya kamata. Akwai injunan da 20W-50 ne abincinsu na asali, kamar manyan injunan Harley-Davidson masu sanyaya da iska, akwai kuma babura da yawa na Honda na yanzu da kamfanin ya ce a ba su 10W-30. Babu wanda ya yi kuskure a cikinsu, kowane da injin da aka auna shi a kai. Nawa injin ba ya hayaƙi, ba ya shan mai tsakanin juye da juye, kuma ba na barinsa yana aiki a tsaye na tsawon lokaci cikin tsananin zafi, don haka ban ga hujjar barin 10W-40 ba. Da a ce ya tsufa har ya fara ƙona mai, da na koma 20W-50 ba tare da wata damuwa ba, tunda jadawalin ya yarda da shi, kafin in samu halin canza ringi.

Matsayin API bai ba ni wahala ba. Haruffan suna hawa ne da shekaru: SJ, sai SL a 2001, SM a 2004, SN a 2010, SP a 2020, kuma duk sun wuce SG da littafina ya sa a matsayin mafi ƙaranci. Abin lura kawai shi ne sabon harafi ba ya nufin man ya fi dacewa da babur, domin ana sabunta matakan ne da buƙatun mota a gaba. Alal misali, an rage sinadarin fosfaros a man motoci saboda yana lalata na'urar tace hayaƙi da ke cikin salansa, alhali haɗin zinki da fosfaros ɗin nan shi ne ke kare haƙoran giya da kan bawul daga cinyewa. Ma'aunin JASO ya yi la'akari da wannan, shi ya sa idan man yana da MA ko MA2 ban damu ba ko SL ne ko SN.

Saura batun irin man kansa, wato minaral, wanda aka tace daga ɗanyen mai, ko sintetik, wanda aka sarrafa ta hanyar kimiyya, ko wanda aka gauraya biyun. Sintetik ya fi jure zafi, ya fi jinkirin lalacewa, kuma ya fi tsada. Na ji ana cewa yana sa kuloci zamewa, amma wannan ɗora laifi ne a inda ba ya nan, domin abin da ke kawo zamewa sinadaran ƙara santsi ne, ba asalin man ba, kuma sintetik mai JASO MA2 yana riƙe kuloci sarai. Abin da ya sa ban ɗauke shi ba wani ne daban. Ƙaramin injina ba shi da filtar takarda irin ta mota, ɗan rariya ne kawai da wani mataci mai juyawa da ke wurga datti gefe, saboda haka garin ƙarfe da na farantan kuloci suna taruwa a cikin man ko da shi kansa bai gaji ba. Tunda dole in riƙa juye da wuri saboda dattin, ban ga amfanin sayen man da babbar fa'idarsa ita ce daɗewa ba. Na tsaya a kan gaurayen, wanda ya fi minaral jure zafin injin da iska ke sanyaya shi. Wanda yake da babban babur mai sanyaya da ruwa da filta ta gaske, lissafinsa zai iya bambanta da nawa.

Duk wannan bayani na inji mai bugu huɗu ne. Mai bugu biyu yana ƙona mansa ne tare da fetur, kuma nasa matakan JASO daban ne, FB da FC da FD, ba a musanya ɗaya da ɗaya ko da wasa.

Ranar sayen, na juya kowace roba na karanta bayanta kafin in dubi gabanta. Na ajiye guda biyu da aka zana wa babur amma babu JASO ko ɗaya a jikinsu, na ajiye wata mai MB, sannan na samu mai 10W-40, API SL, da MA2 a cikin ɗan akwati mai kusurwa huɗu da lambar rajista a samansa, wanda shi ne alamar cewa an yi wa man rajista a ƙarƙashin ma'aunin, ba faɗa kawai kamfanin ya yi ba. Na duba murfin na tabbatar zoben da ke ƙasansa bai karye ba, rubutun kuma bai dusashe ko ya karkace ba, domin duk wannan karatu ba shi da amfani idan abin da ke cikin robar ba shi ne aka rubuta a jikinta ba. Na sayi roba biyu, saboda na riga na yanke shawarar yin juye sau biyu kusa da kusa domin wanke ragowar man motar daga farantan.

Na koma wurin dattijon da robar a hannuna da shafin littafin a wayata. Ya karanta, ya gyaɗa kai, ya ce, "To Malam, tunda masu shi sun faɗa, a bi tasu." Muka tayar da injin na kamar minti biyar domin man ya yi ɗumi ya kwaso dattin da ya kwanta, muka kashe, muka kwance notin ƙasa, man ya zubo cikin kwano. Ya ciro rariyar ya wanke ta da kananzir, muka ga ɗan garin ƙarfe kaɗan wanda ya ce bai wuce ƙima ba. Ya sa sabuwar wosha a notin, ya ɗaure shi daidai ba tare da ya matse da ƙarfin tsiya ba, domin jikin injin alminiyam ne kuma zarensa yana saurin cinyewa. Muka zuba adadin da littafin ya faɗa, wanda bai kai lita cikakkiya ba, muka sake tayarwa na 'yan mintoci, muka jira man ya sauka, sannan muka auna da babur ɗin a tsaye cak a wuri mai daidai, ba a jingine a kan ƙafar gefe ba. Littafina ya ce a ɗora gejin ne kawai ba tare da an murza shi ciki ba, wasu babura kuwa sai an murza, kuma bambancin yana iya sa mutum ya cika man fiye da kima, wanda hakan ke sa ya yi kumfa ya kuma matsa wa sil har ya fara yoyo. Tsohon man muka zuba a robar da ta zama fanko muka rufe, domin ba abin zubarwa a ƙasa ko a magudanar ruwa ba ne.

Zamewar ba ta tafi nan take ba. A makon farko ta ragu sosai, amma idan na murza totur da ƙarfi a giya ta biyar ina jin ɗan saɓani kafin ya kama, kuma dattijon ya riga ya gaya mini cewa idan farantan sun ƙone sun yi ƙyalli to babu man da zai dawo da su, sai dai a canza. Bayan kilomita 500 muka yi juye na biyu da ɗaya robar. Kwana uku bayan haka na koma tudun nan da mutum a bayana, a giya ta huɗu kamar ranar farko, na murza totur har ƙarshe, ƙarar injin da gudun babur suka tashi tare har muka kai sama, kuma ba mu buɗe murfin kulocin ba har yau.

Yanzu ina juye duk kilomita 2,000, ƙasa da abin da littafin ya ba da dama, saboda yawancin tafiyata gajeru ce kuma mai yawan tsayawa da tashi, irin wadda littafin da kansa ya ce tana buƙatar a matso da lokacin juye. Ina duba geji sau ɗaya a mako kafin in tayar da injin, kuma a cikin murfin akwatin kayan aiki na manna 'yar takarda da na rubuta 10W-40, JASO MA2, da adadin kilomitar da za a yi juye na gaba, domin duk wanda zai taɓa babur ɗin ba na nan ya ga abin da ake zuba masa.